Mai juna biyu da kirci ya kama hannuwanta: yaya za ta yi alwala, kuma wane magani za ta shafa?

Tambaya

Ina da ciki wata biyar, kuma tun cikin wata na uku hannuwana suka fara ƙaiƙayi. Fatar ta bushe tana tsagewa, wani lokaci har ƙananan ƙuraje masu ruwa suke fitowa a gefen yatsuna. Duk sanda na yi alwala ko wanke-wanke sai abin ya tashi, da dare kuma ba na samun barci. A wajen awo an rubuta mini man shafawa, amma na ji tsoron kada ya cutar da abin da ke cikina, wata maƙwabciyata kuma ta ce man yana hana ruwan alwala isa ga fata. Shin zan iya komawa taimama? Jinin da yake fita idan na sosa yana karya alwala? A taimaka mini, don na fara shakkar sallolina.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yata, Allah ya ba ki lafiya, ya sauke ki lafiya. Ki kwantar da hankalinki, shari'a ba ta ɗora miki cutar da hannuwanki don ki yi tsarki ba. Amma rangwamen da ta yi miki hawa-hawa ne, kuma taimama ita ce matakin ƙarshe. Kafin mu shiga hukunci sai mu san ciwon, domin hukunci yana bin yanayin ciwo ne.

Mene ne wannan ciwo

Abin da kika siffanta ya yi kama da kirci, wanda likitoci suke kira ekzima. Fatar ɗan Adam tana da wani siririn maiƙo a samanta wanda yake riƙe damshi, yake kuma tare abubuwan da za su fusata ta. Idan wannan maiƙo ya ragu sai fata ta bushe, ta tsage, ta yi ƙaiƙayi. Mutum ya sosa, fatar ta ƙara lalacewa, ƙaiƙayin ya ƙaru. Ciki yana sauya yanayin garkuwar jikin mace, shi ya sa wannan ciwo shi ne mafi yawa cikin cututtukan fata masu ƙaiƙayi da suke samun masu juna biyu. Kimanin huɗu cikin biyar na waɗanda yake kamawa a lokacin ciki ba su taɓa yin sa ba, ko kuwa sun rabu da shi tun ƙuruciya. Yawanci yana farawa kafin ciki ya cika wata shida, kamar yadda ya faru da ke. Ba ya cutar da jariri, ba a kuma ɗaukarsa ta musabaha ko cin abinci a kwano ɗaya. Sau da yawa yana lafawa bayan haihuwa, ko da yake wankin kayan jariri yana iya sake tayar da na hannu.

Akwai wani ƙaiƙayin da ya zama wajibi ki bambanta shi da wannan. Idan mai ciki ta ji ƙaiƙayi mai tsanani a tafin hannu da tafin ƙafa, babu ƙurji babu bushewar fata sai sawun susa kawai, kuma yana tsananta da dare, musamman daga wata na bakwai zuwa sama, to wannan yana iya zama daga hanta ne. Ruwan ɗaci ne yake taruwa a jini maimakon ya bi hanyarsa. Wani lokaci fitsari yakan yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, ido ya yi ɗorawa kamar na mai shawara. Wannan yana da haɗari ga jariri, domin yana iya jawo haihuwa kafin lokaci, idan ya tsananta har rasa ɗan a ciki. Gwajin jini ne kaɗai yake tabbatar da shi. Duk wadda ta ga haka ta je asibiti a ranar, kada ta jira ranar awo. Kuma kasancewar kina da kirci bai hana wannan ya zo daga baya ba, don haka idan salon ƙaiƙayinki ya sauya ki sanar da su.

Haka nan ki gaggauta zuwa asibiti idan wurin ya kumbura ya yi zafi, ko ya fara fitar da mugunya, ko ya yi ɓawo mai ruwan ɗorawa, ko zazzaɓi ya zo, ko manyan ƙuraje masu ruwa suka fito a kewayen cibiya. Idan kuma mutanen gida su ma suna susa, musamman a tsakanin yatsu da dare, to a duba ko ƙazuwa ce, ita maganinta daban ne kuma kowa a gidan sai ya yi.

Hukuncin neman magani da tsoron man shafawa

Neman magani abu ne da Annabi (SAW) ya yi umarni da shi, kamar yadda ya zo a hadisin Usama ɗan Sharik wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Ƙaiƙayi ma shari'a ta ɗauke shi uzuri na gaske. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya yi wa Abdurrahman ɗan Auf da Zubairu ɗan Awwam rangwamen sa alharini saboda ƙaiƙayin da yake damun su, alhali alharini haramun ne ga maza. Idan an halatta abin da aka haramta saboda ƙaiƙayi, ina ga maganin da asalinsa halal ne?

Tsoron da kika ji saboda ɗanki tsoro ne na uwa, kuma abin yabo ne, sai dai a ɗora shi a inda ya dace. Bayanin likitocin fata shi ne: man da ke tausasa fata, irin su basilin da man kaɗanya mai tsabta wanda ba a zuba masa turare ba, babu wata illa a cikinsu ga ciki, ki shafa iya son ranki. Man rage kumburi mai sauƙi ko matsakaici, kamar haidirokotizon mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, shi ma ana ba masu ciki, domin abin da yake shiga jini daga gare shi kaɗan ne ƙwarai. Inda aka sami damuwa shi ne mai ƙarfi sosai idan aka yi amfani da shi da yawa, sama da giram 300 a tsawon cikin, wanda aka danganta da haihuwar jariri mara nauyi. Hannu kuwa ɗan wuri ne. Abin da aka matso daga bakin bututu, tsawon gaɓar ƙarshe ta ɗan ali, wato kimanin rabin giram, ya isa hannu ɗaya ciki da baya. Saboda haka ki shafa wanda aka rubuta miki a wajen awo, gwargwadon yadda aka ce da adadin kwanakin da aka ce. Barin ciwon ya yi ta tsagewa har ƙwayoyin cuta su shiga, ga rashin barci, shi ma cutarwa ce gare ki da abin da kike ɗauke da shi.

Abin da ya kamata ki ji tsoro shi ne man da ake saye a kemis ko kasuwa ba da rubutun likita ba, irin mai haɗi uku da ake cewa yana maganin kowace cutar fata, da man bilicin. Da yawansu suna ɗauke da maganin kumburi mafi ƙarfi, wasu na bilicin har da sinadarin makuri mai guba. Akwai kuma magungunan sha na kirci da aka hana masu ciki gaba ɗaya saboda suna lalata halittar jariri, irin su metotireksat. Don haka kada ki karɓi ragowar maganin wani, kuma duk inda za a ba ki magani ki fara da cewa kina da ciki. Jiƙe-jiƙe da sassaƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba ki bar su har ki sauka. Idan ƙaiƙayi ya hana ki barci, akwai ƙwayoyin rage ƙaiƙayi da ake ba masu ciki, ki nema a wajen awo.

Yadda za ki yi alwala

Ma'aunin da malamai suka sa a nan shi ne ma'aunin taimama: tsoron aukuwar ciwo, ko ƙaruwarsa, ko jinkirin warkewarsa. Ana sanin haka ta abin da mutum ya jarraba a jikinsa ko ta maganar likita masani. Ke kin jarraba, kin ga ruwa yana tayar miki da shi. Ga matakan, kamar yadda malaman Malikiyya suka tsara su a babin shafa a kan rauni da ɗauri, a cikin Mukhtasar na Shehu Khalil da sharhohinsa.

Mataki na farko, ki rage ruwan. Farilla a wankin gaɓɓai sau ɗaya ne idan ya game gaɓar, na biyu da na uku mustahabbi ne. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya yi alwala sau ɗaya-ɗaya. Wanke hannu zuwa wuyan hannu a farkon alwala sunna ne, idan kika bar shi saboda ciwo alwalarki ta inganta. Cuɗawa farilla ce a mazhabarmu, amma ma'anarta bin gaɓa da tafin hannu a hankali, ba gurzawa ba. Ki yi da ruwa mai ɗumi kaɗan, domin mai zafi yana kwashe maiƙon fata. Babu buƙatar sabulu a alwala. Idan kin gama ki tsane hannun da tsumma mai laushi ta hanyar dannawa, har tsakanin yatsu, wannan ya halatta. Sannan nan take ki shafa mai tun fatar tana da ɗan damshi. Kuma ba sai kin sake alwala a kowace salla ba matuƙar ba ta karye ba, domin Muslim ya ruwaito daga Buraida cewa ranar buɗe Makka Annabi (SAW) ya yi sallolin yini da alwala ɗaya. Na san mai ciki tana yawan fitsari, amma idan kika jinkirta Azahar zuwa ƙarshen lokacinta kika yi La'asar a farkon nata, ko kika riƙe alwalar Magariba zuwa Isha'i, kin rage taɓa ruwa. Mata da yawa a nan matsalarsu take ƙarewa.

Mataki na biyu, idan wankin ma sau ɗaya yana cutar da wurin, ki wanke inda yake lafiya, kamar damtse zuwa gwiwar hannu, sannan ki shafi wurin ciwon da jiƙaƙƙen hannu sau ɗaya.

Mataki na uku, idan shafar kai tsaye tana cutarwa, ki shafa a kan maganin da ke wurin, ko filasta, ko bandejin da aka ɗaure. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa ya yi alwala hannunsa a ɗaure, ya shafa a kan ɗaurin ya wanke sauran. A wajen Malikiyya ba sharaɗi ba ne a ɗaura shi da alwala, kuma babu iyakar kwanaki sai dai warkewa. Idan kin cire ɗaurin ko ya faɗi, ki mayar ki sake shafa ba da jinkiri ba. Idan a cikin salla ya faɗi, ki yanke, ki mayar, ki shafa, ki sake sallar. Safar auduga da aka sa a kan magani don ya zauna tana ɗaukar hukuncin ɗauri idan cire ta yana cutarwa. Idan kuwa cirewar ba ta da wata illa, sai a cire.

Mataki na huɗu, idan wurin ba ya taɓuwa sam, ba da ruwa ba, ba da ɗauri ba, to malamanmu sun ce tunda raunin yana cikin gaɓɓan taimama ne, wato fuska da hannu, sai a bar wurin a yi alwala a sauran gaɓɓai. Dalili kuwa a fili yake: wurin da ba ya taɓuwa da ruwa ba zai taɓu a taimama ba, kuma alwala mai giɓi ta fi taimama mai giɓi.

Saura tambaya ɗaya: idan tafukan hannun ne suka kamu, da me za ki wanke fuska da ƙafa? Ki sa safar roba mai tsabta ki wanke su, sannan ki cire ki yi wa hannun abin da ya dace da shi cikin matakan da suka gabata, ba tare da dogon jinkiri ba. Ko kuma mijinki, ko 'yarki, ko wata 'yar'uwa ta wanke miki, ke kuma ki yi niyya. Wakilci a alwala saboda lalura ya halatta.

Mataki na biyar shi ne taimama. Idan ba ki da safa, ba ki da mai taimaka miki, ko wanke sauran gaɓɓan ba zai yiwu ba sai ruwa ya cutar da hannun, to ki yi taimama, kuma kin shiga cikin marasa lafiyar da Allah ya ambata a aya ta 6 cikin Suratul Ma'ida, inda ya bayyana cewa ba ya nufin sanya ƙunci a kanmu. Ba dole sai da ƙasa mai ƙura ba. A mazhabar Malik dutse mai tsarki ya isa, kuma dutse mai santsi ya fi sauƙi ga fatar da ta tsage. Ki yi ta bayan shigar lokaci, ki haɗa ta da sallar, kowace farilla da taimamarta.

Wankan janaba shi ma haka hukuncinsa yake: ki wanke jiki, da safa ko da taimako, ki shafi hannun. Wajen tsarki kuma, malaman Malikiyya sun ce fitsarin mace ruwa ne yake tsarkake shi, don haka ki keɓe safar roba ta hannun hagu saboda wannan. Duk sallar da kika yi da ɗayan waɗannan matakai a kan uzuri ta inganta, babu ramuwa a kanki bayan kin warke.

Man shafawa da ruwan alwala

Maganar maƙwabciyarki tana da gaskiya ta wani ɓangare. Abin da yake hana alwala shi ne mai jiki wanda ya daskare a kan fata ya tare ruwa, kamar kakin zuma ko busasshen ƙullu ko fenti. Idan kika lafta basilin da kauri har ana iya kankare shi, to ki share shi da tsumma kafin alwala. Amma man da fata ta shanye, ya rage santsi kawai, ba ya hana komai, ko da kin ga ruwa yana gangarewa. Idan kuma maganin ciwo ne wanda share shi zai cutar, ya zama kamar ɗauri, a kansa za ki shafa. Hanya mafi sauƙi ita ce ki mayar da shafa mai bayan kowace alwala. Kin ga sau biyar ke nan a yini ba tare da kin manta ba. Maganin likita kuma ki sa shi bayan Isha'i da bayan Asuba idan sau biyu aka ce, ki bar ɗan lokaci tsakaninsa da man tausasawa.

Shafa mai ko magani a fatar hannu ba ya karya azumi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa da ke Jidda ta tabbatar da haka a zamanta na shekarar 1997, game da abin da fata take tsotsa na mayuka.

Jini da ruwan ƙurji da susa a salla

Jinin da ya fita daga fata ba ya karya alwala a wajen Malik da Shafi'i. Hanafiyya ne suke ganin yana karyawa idan ya gudana. Ta fuskar najasa, an yi afuwa ga jini da mugunya da ba su wuce faɗin dirhami ba a jiki ko tufa, haka nan abin da yake tsattsafowa da kansa daga ƙurji, ko wanda lalurar ƙaiƙayi ta jawo, saboda wahalar kiyaye shi. Susa kaɗan a cikin salla saboda buƙata ba ta ɓata salla, mai yawa ce da za ta sa mai kallo ya zaci ba salla kike ba take ɓatawa. Dannawa da tafin hannu ya fi susa da farce, a salla da wajenta. Ki riƙa yanke farce, wanda dama yana cikin sunnonin fiɗira.

Aikin gida da kwalliya

Gaskiyar magana, alwala ba ita ce babbar mai tayar da wannan ciwo ba. Omo da sabulun soda da ruwan bilic da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a ruwan wanka sun fi ta ɓarna nesa ba kusa ba. Haka yankan albasa da attarugu da tumatir da tafarnuwa da lemun tsami da hannu tsirara. Ki sa safar roba wajen wanki da wanke-wanke, da ta auduga a cikinta don ta tsotse gumi, kuma kada ki daɗe da ita, ki riƙa cirewa hannun yana shan iska. Ki cire zobe kafin aikin ruwa, domin sabulu yana maƙalewa a ƙarƙashinsa. Lokacin hunturu ki ninka shafa mai. Da dare ki shafa da kauri ki sa safar auduga ki kwanta. Idan ƙaiƙayi ya taso, ki ɗora tsumma mai sanyi na 'yan mintuna. Baƙin lalle na zamani ki nisance shi, domin ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi mai suna PPD wanda yake ƙona fata. Jan lalle ma ki dakata har tsagewar ta rufe.

Ina kuma kira ga maigidanki da duk magidancin da ya karanta wannan. A'isha (RA) ta ba da labari, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, cewa Annabi (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida. Matar da take ɗauke da ɗanka, hannunta yana tsagewa, ba daidai ba ne a bar ta da tulin wanki. Ka ɗauke mata, ko ka samo mai ɗauke mata, ka saya mata safa da mai, ka kai ta awo a kan lokaci. Uwar miji da abokan zama su ma su sani wannan ciwo ne, ba ƙyuya ba ce.

A ƙarshe, 'yata, ki haɗa magani da addu'a. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya koya wa Usman ɗan Abil As ya ɗora hannunsa a inda yake masa ciwo, ya ambaci sunan Allah sau 3, ya nemi tsarin Allah da ikonsa daga sharrin abin da yake ji sau 7. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa duk wahalar da ta sami musulmi, har ƙayar da ta soke shi, Allah yana kankare masa zunubi da ita. Ki bar shakka a kan sallolinki na baya, waɗanda kika yi da alwala kina jure zafi sun inganta. Daga yau ki ɗauki sauƙin da Allah ya ba ki, ki fara shafa maganinki, kuma a awo na gaba ki nuna musu hannun ko da ya yi sauƙi.

Allah ya ba ki lafiya, ya raba ku lafiya, ya sanya abin da za ki haifa cikin salihan bayi.

Allah ne mafi sani.